Shan Ruwa a Inda Rana Ba Ta Faɗuwa

Svalbard, Norway
Farkon Ramadan, 2017

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ƙafar taka? Na san ka ce kada in sake rubuto maka tunda na zaɓi karatu a kan gida, amma tambaya ce ta addini, wallah.

Nan tsibirin da muke bincike kan tsuntsaye rana ba ta faɗuwa sam a wannan lokaci. Yaushe zan sha ruwa?

Tundura, filin sanyin nan da kake ba mu labarinsa, gaskiya ce. Itatuwan ba su wuce idon sawu ba, ƙasa daskare take daga ciki, barewar ƙanƙara na kiwon gansakuka kusa da tantinmu. Dilan ƙanƙara ma ya zubar da farin gashinsa, ya koma ruwan toka. Kullum sai in ce da Baba ya gani.

'Yarka,
Naja'atu

Nuzla, Jidda

Naja'atu,

Wa alaikumussalam. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta.

Na koyar da labarin ƙasa a Umdurman ta Sudan, na zana wa yara tundura a allo gumi na zuba, ban taɓa taka ƙanƙara ba. Yanzu gadin sito nake wa kafili, ubangidan da ya tsaya mini a Saudiyya, a unguwar Bani Malik. Abin da karatu ya yi mini ke nan. Ke kuma ya kai ki inda iƙamarki, takardar izinin zama, ta mutu, garin da aka haife ki ya zama sai da biza. Tsuntsayen da kike ƙirgawa sun fi ki gata: da kaka suna sauka bakin tekunmu, ba mai tambayarsu takarda.

Limamin unguwa ya ce ki bi lokacin Makka. Halas, shi ke nan.

Mahaifinki,
Na'ibi

Baba,

Na gode, Allah ya ƙara girma. Na mayar da agogona lokacin Makka. Jiya na ci dabino rana na kallona, na ce yanzu Baba ma ya kai hannu faranti. Sai ya haɗiyu.

Naja'atu

Naja'atu,

Sallama. Kin yi kuskure, kuma ba haka na koya miki ba. Jidda tana yamma da Makka, ranarmu ta fi jinkirin faɗuwa. Lokacin da kika ci dabinonki, ni ina zaune ban ji kiran salla ba.

Gobe ki ƙara 'yan mintoci. Ki jira ni.

Babanki