Kunne da Taimin

Litinin, 20 ga Mayu

Na fito da motata Charger daga rumfar da ta yi lokacin sanyi a ciki. Bugu biyu ta tashi. Bikin 'yata Ylva sha biyar ga Yuni, kuma tun tana 'yar firamare na yi mata alkawari a wannan motar zan kai ta coci ranar aurenta. Na canza fulogi, na wanke kafireta, na sassauta distiribita na juya shi da kunne, yadda na saba tun ina saurayi. Silo lafiya lau.

Laraba, 22 ga Mayu

Gwaji a hawan da ke wajen injin katako. Na ɗauki Sölve, maƙwabcina, abin da bai kamata in yi ba. Ina taka totur ya dafe kai.

"Torbjörn, tsakuwa ka zuba a injin nan?"

Na ce wace tsakuwa. Wai ƙyas-ƙyas take yi, wuta na riga fistin isowa, taimin ya yi gaba da yawa. Ni ban ji komai ba. Na ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa a motar dizal ba shi zai koya mini kukan inji ba. Ya ce to, malamin inji, sauke ni a nan in taka da ƙafa kafin ta fashe da mu.

Bai sauka ba. Surutu kawai.

Alhamis, 23 ga Mayu

Man fetur ɗin yanzu ne. Ruwa ne kawai mai wari.

Asabar, 25 ga Mayu

Na canza gidan mai. Na zare fulogi, bakinsu fari fat da ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa barkono. Ba alama mai kyau ba ce, na sani.

Matata Majken ta shigo gareji da kofi ya huce. Wai ta yi ta kira daga baranda har maƙwabta sun leƙo. Na ce ina ƙarƙashin bonet. Ta ce, "Tsoho, ba motar ce ba ta da lafiya ba." Tana nufin abin ƙara ji na kunne da asibiti suka ba ni lokacin sanyi, yana durowa cikin kwalinsa. Na sa shi sau ɗaya, cokali ya faɗi kamar an harba bindiga. Ba ni ba shi.

Talata, 28 ga Mayu

Sölve ya zo da fitilar taimin, yana tafe yana ƙasaita. Muka haska, muka saita daidai kan alamar da ke jikin fulin inji, mota ta koma kamar jakin da ya sha duka, ko hawan gidanmu da ƙyar. Ashe robar fulin ta tsufa, alamar ta zame daga wurinta. Fitilar ƙarya take nuna mana. Sabon fuli sai an yo odar daga Amurka, ba zai iso kafin biki ba.

Ke nan sai kunne. Na ce ai na faɗa. Ya ce, "Kunnen wa?"

Jibi zai tafi kamun kifi Norway. Ya tafi ɗin.

Na mayar da distiribita inda na ji ta yi mini daidai.

Lahadi, 2 ga Yuni

Ylva ta zo cin abinci, ta ce mu zaga bakin tafki. A hawa na ga bakinta na motsi, ta kama hannuna. Sai da ta matso ta ɗaga murya: "Baba, ba ka ji?" Allurar zafi ta haura ja. Na faka a gefen titi, tururi na tashi, muka zauna kan ciyawa sauro na cin mu.

Ta ce kada in damu, wan Joakim, angon, yana da mota mai kyau. A hankali ta faɗa, tana buɗe baki sosai, yadda ake yi wa kakanni a gidan tsofaffi. Da ta zage ni ya fi.

Ban ci kek ɗin Majken ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Majken ta tafi wajen 'yar'uwarta. Na ɗauko abin jin, na sa, na fita.

Da farko haushi: mukulli, tsakuwar tsakar gida, numfashina ma. Na kai hawan injin katako na taka. Ga ta nan. Ƙyas-ƙyas-ƙyas, kamar ƙusoshi a gwangwani. Da ƙarfi! Haka na yi ta tuƙa ta, tana kuka ina murmushi.

Na tsaya, na ja distiribita baya kaɗan, na sake hawa. Saura kaɗan. Na ƙone yatsa a jikin inji, sifana ta faɗa ƙasan mota, na zagi duk wanda ya zo bakina. A hawa na gaba ta wuce sumul, zafi bai motsa ba. Na gwada ƙarfin silinda, fistin bai huje ba. Da ƙyar na sha.

Ba zan gaya wa Sölve ba.

Lahadi, 16 ga Yuni

An yi. Motar ta kai Ylva coci, ta dawo da su ita da ango. Rigar amarya ta cika kujerar baya, silo ya ɗan yi sama, zan duba.

A coci ina layin gaba. Da fasto ya tambaye ta, muryarta ta yi rawa kafin ta ce eh. Ƙasa-ƙasa ta faɗa, amma na ji.

Yau da safe Majken na wanke kofuna tana 'yar waƙa. Na ce yaushe kika koma waƙa? Ta juyo ta kalli kunnena, ta ce, "Ban taɓa dainawa ba."

Batirin abin nan ba ya daɗewa. Gobe zan shiga gari in sayo. Saboda kafireta, akwai sauran saiti.