Kifin Da Ka Bar Mini Ba Ya Neman Aboki

Zuwa ga ɗana,

Kafin gaisuwa ma, ka buɗe kunnenka da kyau: kada ka ƙara sa a shigo da wani abu mai rai gidan nan ta bayan idona, ko da kiyashi ne. To, yanzu assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Allah Ya tsare ka, Ya ba ka lafiya, Ya ƙara maka hankali, kuma wannan ta ƙarshen ita na fi dagewa a kai a 'yan kwanakin nan. Mu nan lafiya lau. Ƙafar babanku ta yi sauƙi, har yana hawa bene ba ya tsayawa hutu a tsakiya. Yayarka ta zo mana da jaririnta, ya fara haƙori, duk abin da ya samu sai baki.

Ka tuna ranar da za ka tafi, ka shigo da jan kifi a cikin kwalbar da ko cokali ba zai juya a ciki ba, ka dangwarar a teburin falo, ka ce zai riƙa ɗebe mini kewa. Ban roƙe ka ba. Amma rai ne, ba zan zuba ido ya mutu a hannuna ba. Washegari na ɗauki littafi da biro na nemo shagon da ka sayo shi, na tsare mai shagon da tambayoyi har ya gaji. Ya ce sunan irinsa beta, wasu kuma na ce masa kifin faɗa. Na samo masa akwatin gilashi mai cin bokitin ruwa guda, da 'yar hita saboda ba ya son sanyi, da murfi saboda yana tsalle, da ganye mai laushi inda zai ɓuya. Ruwan famfo sai na ɗiga masa magani kafin ya shiga. Duk Asabar ina kwashe kashi ɗaya cikin huɗu in zuba sabo, kuma sabulu bai taɓa kusantar gilashin nan ba. Abincinsa ƙwaya uku da safe, uku da yamma, don cikinsa bai wuce girman idonsa ba. Cikin wata biyu jelarsa ta baje, yana yawo yana taƙama, har yayarka ta raɗa masa Ɗan Gayu. A shafin farko na littafin nan akwai layin da na ja wa jan biro sau biyu: maza biyu ba sa zama a ruwa ɗaya.

Sai kai, daga can inda kake, ka kalli bidiyon da na turo maka, ka yanke hukunci cewa kifin yana fama da kaɗaici. Ba ka kira ni ba, ni da nake wanke masa gida. Ka kira babanku, ka ce a sayo masa aboki a ba ni mamaki. Lallai kun ba ni. Babanku da furfurarsa bai ma je shagon ba. Wajen wani mai talla a bakin titi ya tsaya, aka ƙulla masa shuɗin namiji a leda, aka ce masa ai za su saba.

Ranar Talata na raka yayarka asibiti awon yaro. Da na dawo na tarar da babanku ya jawo kujera gaban gilashin, fuska fal fara'a, yana ce mini in zo in ga yadda suke gaisawa. Gaisuwa! Kowanne ya buɗe kumatu, ya kumbura, suna yagar juna, guntayen jela ja da shuɗi suna yawo a ruwa kamar zaren da tela ya share. Ko gyalena ban cire ba na ruga kicin na ɗauko ludayi, na kwashe baƙon na juye shi a kwano. Babanku yana biye da ni yana cewa in bar su, 'yan'uwa ma sukan ɗan yi saɓani. Na ce masa idan saɓani ne wannan, Allah Ya raba gidana da irinsa.

Ɗan Gayu kwana uku bai ci komai ba. Ya kwanta ƙarƙashin ganye, jela kamar tsumman goge murhu, jan nan nasa ya koɗe. Na koma wurin mai shago, ya ce abin tsoro shi ne raunin ya ruɓe, kuma babban maganinsa ruwa mai tsabta da ɗumi da rashin hayaniya. Yanzu duk bayan kwana biyu ina sauya ruwa kaɗan, ina duƙawa da tabarau ina duba bakin jelar. Jiya ya taso ya ɗauki ƙwaya biyu. Ban ce ya tsira ba tukuna. Babanku kuwa nadama ta kama shi, na same shi zai zazzaga masa rabin gwangwanin abinci wai ban haƙuri, da ƙyar na riƙe hannunsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne halinka, kuma tun kana ƙarami nake faɗa maka. Tausayinka mai gaggawa ne, ba ya tsayawa tambaya. Ka hango abu daga nesa, ka ji babu daɗi, ka ba da umarni, ka koma harkarka, wahalar ta faɗo kan wasu. Kifin nan haka Allah Ya yi shi, shi kaɗai yake son ruwansa. Ka ƙura wa bidiyon ido har ka gano kewa a fuskar kifi, amma ba ka tuna da wadda ta riƙe wayar tana ɗauka ba. Mako biyar rabona da jin muryarka.

Ka gaida matarka, ka ce na ga hoton labulen da ta ɗinka, hannunta ya yi kyau. Ka gaida kawunka idan kun haɗu, da maƙwabcin nan naka mai gyaran agogo da ya kula da kai lokacin zazzaɓi. Yayarka tana gaishe ka. Babanku ma yana gaishe ka, da 'yar murya ƙasa-ƙasa.

Ga dokar da na kafa, na kuma rubuta na manna a jikin murfin. Shuɗin ya zama na babanku, da akwatinsa daban a ɗakinsa, shi zai riƙa sauya masa ruwa duk Asabar ina tsaye a kansa. Akwatin Ɗan Gayu kuwa babu hannun da zai ɗaga murfinsa sai nawa. Kai kuma, duk ranar da tausayin wani mai kewa a gidan nan ya kama ka, kada ka aiko da kifi. Ka ɗauki waya ka kira uwarka.

Mahaifiyarka.