Rigar Auta da ƙudan zuma

Maman Auta,

Barcinki ya yi nisa, ban tashe ki ba. Mun wuce, kada motar zuwa daji koyon itatuwa ta bar ta.

Ki yi haƙuri, na cire mata rigar da kika feshe da turare. Sai yanzu ta tuna malamarsu ta hana ƙamshi, wai ƙudan zuma na bin sa. Na sa mata tsohon wandon yayanta da rufaffen takalmi. Ta kumbura baki, amma ta sa.

In ta dawo, ki duba ƙafafunta ko kaska ta kama.

Ni dai tawa rigar mai ƙamshin tana jikina. In suka biyo ni shago, ke kika aiko su.

Baban Auta