Akwatin da Ke Kan Sif

Ainu Shams, Alkahira, Maris 2014

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta isa gare ka ba. Ko kana raye ma sai an karanta maka, don ni kaina sai da na yi furfura ɗaliban Najeriya suka koya mini boko a ajin yamma na unguwar Hayyin Ashir. Amma murna ta hana ni zama, kuma ba wanda nake so ya fara ji sai kai.

Baba, na yi jika. Rabi, autata, ta haifi namiji. Mijinta Malam Sani, Bazazzagi ne mai karatun fiƙihu a nan. Kwana uku da haihuwa ya zo ya durƙusa, ya ce sunanka yake so ya sa wa yaron, domin na sha gaya masa kai tela ne mai tsoron Allah, wanda ya cika yana tasbihi.

Tela! Kai da ko maɓalli ba ka iya ɗinkewa. Ƙaryar nan na fara yin ta ranar neman auren uwar Rabi, don kada a ce ɗan makaɗi ne, kuma shekara arba'in ina riƙe da ita.

Wa zai gane labarinka? Ka baro Damagaram da ƙafa za ka Makka, guzuri ya ƙare a Alkahira, ka shiga wanke kofuna a gidan rawar Turawa. Tsohon nan mutumin Ajantina ya gan ka kana bin kiɗan tango da yatsu a kan faranti, ya ɗora maka bandoniyan a gwiwa, abin nan mai kama da zugazugin maƙera. Suka sa maka baƙar kwat, suka raɗa maka Ramon. Shekara goma sha biyar kana sa mutane kuka da waƙoƙin garin da ba ka taɓa gani ba. Da Turawan suka watse, gidan ya koma shagon takalma. Matar nan 'yar Armeniya da take yi muku waƙa ta ƙare tana sayar da tikiti a ƙofar silima. Tsohon ya mutu a ɗakin haya, ku huɗu kuka raka gawarsa. Kai kuma ka zama mai gadin bene, ka ɗora akwatin bandoniyan ɗinka a kan sif.

Ka tuna makon da za ka rasu, ka ce in sauko maka da shi? Na ce sai baƙi sun tafi. Baƙi suka tafi, ban sauko da shi ba. Yatsunka suka yi ta motsi a kan bargo, liman ya ce dubi bawan Allah yana tasbihi. Na san abin da kake kaɗawa, na yi shiru. Me zai rage ni da na miƙa maka? Ka yafe mini, Baba.

Da Malam Sani ya gama magana, na ga in na yi shiru, sunan wani tela da bai taɓa rayuwa ba za a sa wa yaron. In kuma na faɗi gaskiya, yana iya fasawa. Na hau kujera da wannan gwiwar tawa na sauko da akwatin, na gaya masa komai, har zancen bargo.

Ya tambaye ni ko kana salla. Na ce a bayan gidan rawar kake shimfiɗa kwali, da kwat ɗinka. Ya tambaya ko ka taɓa barin mu da yunwa. Na ce ko sau ɗaya. Ya kai hannu ya taɓa bandoniyan ɗin, sai abin ya yi wani dogon nishi, mu duka muka zabura. Ba zan ƙara yi maka ƙarya ba: ya ce shi bai yarda da kiɗa ba, kuma ba za a kaɗa a sunan ɗansa ba. Na ce ma'alish, ba komai, ai ba wanda ya iya. Amma suna, ya ce, khalas, an gama magana, naka ne.

Jiya aka yanka rago. Matan Misirawa maƙwabta suka kwantar da jaririn a rariya suna buga masa turmin tagulla a kunne, yadda suke yi. Ko firgita bai yi ba, sai buɗe yatsu yake yana rufewa. Dogaye ne, Baba. Na yi ta dariya har Rabi ta ce in zauna kada in faɗi.

Ka san ba zan iya kiran sunanka ba, don haka Baba nake ce masa. Yau da safe na durƙusa gaban gadonsa na gaishe shi, na nuna masa akwatin. Akwatin yana ƙasa yanzu, inda hannunsa zai kai.

Allah ya haskaka makwancinka. Sai na zo.

Ɗanka,
Isiyaku, ɗan makaɗi