Hannuwan Tela Sanogo

Filadelfiya, ranar Lahadi.

Zuwa ga Malama Rokiatou Sanogo, a Toronto.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya sanyi, yaya aikin asibiti? Allah ya dafa.

Ni ne Babban Daraktan gidan buga zane, mai ma'aikata ba iyaka. Saƙonki ya iso, kina neman kwafin zanen da mai zanen bangon nan da ake kira Tsattsewa ya yi a bangon shagon marigayi mahaifinki, wato hannuwan tela a kan keken ɗinki. Kin san hukumar gari ta shafe bangon, tunda ba da izini aka zana ba. Kin kuma san halin Tsattsewa: ba a ganin fuskarsa, ba ya maimaita aiki. Hamsin muka buga, ya sa hannu da fensir, aka wanke rariyar silikin da ake bugawa da ita. Kafin azahar masu saye da suka yi layi sun kwashe. Ke da kika cika falonki da kwafin zanen bangon mutane, na gidanku ya wuce ki. Sai haƙuri.

Amma muna da wata al'ada. Wanda ya ja fenti a kan rariya da hannunsa, ana ba shi kwafi ɗaya da ba ya cikin lissafi. Tun bazara wani kyakkyawan saurayi ya liƙe mana, wai a koya masa. Ya wanke rariya har yatsunsa suka tsage, ya ɓata takardu, ya sha zagi wajen Dolores, uwar ɗakin bugu, wadda ta ce gara ta koya wa kyanwarta. Ranar bugu, da aka zo kan launin hannuwan, sai ya matso bakin teburin bugu. Dolores ta dube shi, ta miƙa masa katakon jan fenti.

"Ɗan tela, hannun ubanka ne. Ja mu gani. Ka ɓata, in yi shara da kai."

Ko ɗaya bai ɓata ba.

Naki yana hanya, a naɗe cikin kwali. Ki sauke zanen da ke saman kujera, nan ne wurinsa. Yaya, gida hamsin yau zanen Baba yana rataye a ciki, kuma ni na buga shi. Na ɗan yi kuka, kada ki gaya wa Dolores.

A gaida yara.

Darakta marar ofis, ƙaninki da kika ce tsokana kaɗai ya iya,
Lassine.