Ba Mai Kushe Babin Mama

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni kafin in ji kunya a gaban mai jarrabawa.

Shekara talatin na yi ina rajistara a kotu. Da na yi ritaya sai na koma jami'a yin digiri na biyu a fannin shari'a. Mu goma sha huɗu ne a ajin. Goma sha ɗaya ba su kai talatin ba, biyu lauyoyi ne masu zuwa da rigar kotu a jaka, sai ni mai hamsin da tara. Malamin da ke duba aikina ma sa'an ɗana na biyu ne.

Duk Laraba muna zama a wani dogon tebur, mutum ya karanta babin bincikensa, sauran su yi masa kaca-kaca. Na ga yarinyar da ta fita da hawaye, ta dawo da babi mai kyau. Amma in na karanta nawa, kowa ya sunkuyar da kai, a ce Mama ta yi ƙoƙari. A ɗaukar mini jaka, a ba ni kujerar kusa da fanka. Makon jiya da gangan na kafa hujja da dokar da aka soke tun suna firamare. Wallahi ko tari ba wanda ya yi. Saura wata uku mai jarrabawa ya zo daga wata jami'a, shi kuwa ba ruwansa da furfurata. Abin nan yana ci mini rai.

Mamar Aji

Mamar Aji, na yi dariya, amma damuwarki gaskiya ce. Yaran nan ba su yi laifi ba, tarbiyyar da irinku suka ba su ce suke yi miki. Sai dai ladabin zai kai ki ya baro ki.

Ke ma ina da tambaya. In sun karanta nasu, kushewa kike yi ko lallashi? Ina zargin lallashi ne. To ki daina, ki gwada musu 'yar aji ce ke.

Sannan ki sami malaminki, ki gaya masa zancen dokar nan da bakinki, ki roƙe shi ya raba babinki na gaba babu suna a kai. Za ki ji abin da kunnenki bai saba ji ba, kuma zai yi zafi. Ki riƙe bakinki, ki rubuta kowane gyara, sai sun gama tas ki ce naki ne.

Allah ya ba da sa'a, ya sa su riga baƙon nan gano kurakuranki.