Mun Zaɓi Motar da Za Mu Zauna a Ciki

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya jikin maigidan? Allah ya ƙara sauƙi.

Albishirinki! Ni da Malam za mu saki gidan hayarmu na unguwar Harlem, mun sayi mota mai ɗaki da kicin da bayi a ciki. Shi babbar ya so, mai kama da bas. Na ce, "Malam, ina za ka ajiye wannan a garin nan?" Muka shiga ƙaramar, kansa ya bugi rufi, ya ce, "To, a duƙe zan riƙa salla?" Sai muka ɗauki matsakaiciya. Yana miƙewa sosai a ciki, tukunyar tuwona ma ta zauna daram a murhun. Ranar Asabar za mu kama hanya.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Inna, ki ce mata 'yarta ba ta rasa gida ba, gidan ne ya yi ƙafa.

Ƙanwarki,
Rabi